Present perfect continuous a nahawun Turanci

Present perfect continuous, wanda wasu littattafai ke kira present perfect progressive, siga ce ta aikatau a Turanci da ke nuna aikin da aka fara a baya kuma yake ci gaba har zuwa lokacin magana, ko kuma bai daɗe da tsayawa ba, alamunsa na nan. A makarantu ana lissafa shi cikin lokuta goma sha biyu na Turanci, sai dai masana harshe da dama na ganin lokuta biyu kawai harshen ke da su, na yanzu da shuɗaɗɗe, sauran kuwa yanayin gudanar aiki ne. Ba a daidaita kan wannan ba.

Ginin siga

Sassa uku ne: have ko has, sai been, sai aikatau mai ɗafa-ƙeyar -ing. Ana amfani da has idan aikau he, she, it ne ko suna tilo. Korewa na zuwa bayan kalmar farko, "has not been", tambaya kuma tana gabatar da ita, "Have you been waiting?"

Tarihi

Wannan siga haɗi ce ta tsari biyu da kowanne ya taso daban: na aiki mai ci (be da -ing) da kuma na have. A Tsohon Turanci, wato daga wajen ƙarni na 5 zuwa na 11, akwai tsarin da ke haɗa beon ko wesan, wato be na wancan zamani, da aikatau mai ƙarewa da -ende, amma ba a cika amfani da shi ba, ma'anarsa ma ba ta tsaya kan aiki mai ci kaɗai ba. A zamanin Turancin Tsakiya -ende ta ɓace, -ing ta maye gurbinta, wadda asalinta ɗafa-ƙeya ce ta gina suna. Akwai kuma wani tsari mai on kafin aikatau, wanda ya lalace zuwa a-, shi ya bar irin "a-hunting" da ake gani a tsoffin rubuce-rubuce. Game da abin da ya haɓaka tsarin, wasu na danganta shi da fassarar littattafan Latin, wasu da harsunan Keltik na Birtaniya irin su Welsh, wasu kuma na cewa daga cikin harshen ya tsiro.

Ɓangaren have ma ya daɗe yana rabon aiki da be, shi ya sa tsofaffin marubuta ke cewa "he is come" maimakon "he has come". Haɗuwar sassan biyu a jimla guda ta fara bayyana a rubuce, bisa yawancin ƙiyasi, a ƙarshen Turancin Tsakiya, wajen ƙarni na 14 ko na 15, amma ba ta yawaita ba sai daga ƙarni na 18. Otto Jespersen, masanin harshe ɗan Denmak, ya yi dogon bayani kan irin waɗannan sigogi a babban nahawunsa da ya fito tsakanin 1909 da 1949.

Amfani

Mafi yawa ana haɗa shi da for don tsawon lokaci, ko since don mafarinsa: "She has been teaching since 2015", wato tun 2015 take koyarwa. Nan ne masu koyo kan yi tuntuɓe, domin Hausa, Faransanci da Jamusanci duk lokaci mai ci ko na yanzu suke sa wa irin wannan magana, sai a ji "I am waiting since morning", wanda daidaitaccen Turanci bai karɓa ba.

Bambancinsa da present perfect, wato sigar have ko has da ba ta nuna aiki mai ci, na kan kammaluwa. "I have read the letter" na nufin an gama karantawa, "I have been reading the letter" kuwa bai yi alkawarin hakan ba. Saboda haka ba ya tafiya da ƙidayar abin da aka gama. Da aikatau irin su live da work bambancin kaɗan ne.

Aikatau masu nuna hali, kamar know, own da belong, ba su cika ɗaukar sigar ba. Irin "has been being repaired", wato sigar da ke nuna abin da ake yi wa aikin, kuwa nahawu ya yarda da ita, amma da wuya a ji ta a bakin mutane.