Koyar da zanen tudu a kan ƙarfe a makarantu

Zanen tudu a kan ƙarfe sana'a ce ta tura fallen ƙarfe daga baya har zane ya taso ta gaba, sannan a juya shi a gyara layukansa ta fuska. Ba a narka ƙarfen, ba a kuma yanke komai daga jikinsa, miƙa shi kawai ake yi. Abin da ya raba shi ke nan da aikin zubi irin na allunan tagullar masarautar Bini. A makaranta ana koyar da shi cikin darasin aikin hannu ta hanya biyu: dannawa da hannu a kan siririn falle, da bugu da guduma a kan mai kauri.

Tarihi

Sana'ar tsohuwa ce ƙwarai. Da bugu aka ƙera fuskar zinariya ta Fir'auna Tutankhamun na Masar, wanda ya mutu wajen 1323 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), haka ma wadda mai binciken kayan tarihi Heinrich Schliemann ya tono a Mycenae ta ƙasar Girka a 1876. Mutum-mutumin 'Yanci da ke New York, wanda aka ƙaddamar a 1886, fallayen jan ƙarfe ne masu kaurin kusan milimita 2.4 da aka buga aka harhaɗa. A Najeriya maƙeran tagulla na Bida sun shahara da buga tire da tasa da buta masu ado, sai dai a can yaro a gidan ƙira yake koyo, ba a aji ba.

Ƙarshen ƙarni na 19 ne sana'ar ta shiga aji sosai, lokacin da wasu a Ingila suka tashi farfaɗo da aikin hannu da injuna suka danne. A 1884 limamin coci Hardwicke Rawnsley da matarsa Edith suka buɗe azuzuwan dare a garin Keswick, inda ake koyar da bugun jan ƙarfe da tagulla, kuma makarantar ta rayu har 1984. A Newlyn, garin masunta a yankin Cornwall, an kafa irin wannan aji wajen 1890 don samari su sami abin yi idan teku ta hana su fita. Maƙeri John Pearson ya koyar a can, kuma ana gane kayan Newlyn da zanen kifi da jiragen ruwa. A Amurka kuwa, Charles Godfrey Leland ya koyar da yaran makarantun gwamnati ƙananan sana'o'i a Philadelphia tun farkon shekarun 1880, bugun tagulla na cikinsu.

Matakin farko

Yaran firamare da alminiyam suke farawa, falle mai kaurin kusan milimita 0.1, a yanka masa murabba'i na santimita 10 zuwa 15. Gwangwanin lemo da aka fasa aka miƙe yana yi, amma yana da tauri kuma bakinsa na yanka, don haka malami ne ke yankawa ya naɗe gefen. Ana shimfiɗa fallen a kan abu mai laushi, kamar jarida ninki goma ko tsumman bargo. A ɗora takardar zane, a bi layukan da biron da tawadarsa ta ƙare, a juya fallen a tura cikin zanen da tsinke mai dunƙulallen baki ko bayan cokali. Daga nan sai a mayar da fuskar sama a kan tebur mai tauri, a danne kewayen zanen ya kwanta. Wannan juyin ana maimaita shi sau da dama, domin tudun da aka taso da shi a hankali ya fi tsayi da tsafta. A ƙarshe a shafa man takalmi baƙi a goge, duhun ya zauna a kwari, tudun ya yi haske.

Matakin guduma

Ɗaliban sakandare suna iya aiki da jan ƙarfe mai kaurin milimita 0.5 zuwa 0.8. Kafin bugu ana gasa shi har ya yi ja kaɗan, a tsoma a ruwa, a wanke baƙin da ruwan tsami da gishiri. Ana manna shi a kan kwanon da aka cika da haɗin kwalta ko ƙaro da garin bulo da kitse, wanda ke riƙe ƙarfen amma ya bar shi ya lotsa. Inda babu wannan, jakar yashi ko laka mai danƙo tana yi. Hannun hagu na riƙe ƙarfen bugu, wato guntun ƙarfen da ake ɗora bakinsa a kan fallen, a ɗan karkace, dama na sauke masa ƙananan bugu da guduma a jere daga wuyan hannu. Ƙusa mai inci 6 da aka goge bakinta da magagari ta zama kayan aiki mai kyau, kuma ya dace kowane ɗalibi ya yi nasa.

Bugu yana sa ƙarfe tauri. Da zarar ya fara ƙin tafiya, sai a cire shi a sake gasawa; wanda ya ci gaba da bugu tsagewa zai gani. Wuta da narkakkiyar kwalta aikin malami ne, a waje ko inda iska ke shiga. Ba a ba yara darma, saboda guba ce.

Kurakuran da aka fi gani

Huda falle yana zuwa ne daga baki mai tsini ko gaggawa. Idan shimfiɗa ta yi laushi da yawa, zanen ya bazu ba iyaka. Idan ta yi tauri, ba ya tasowa. Rubutu kan fito a juye idan ba a zana shi a birkice ta baya ba. Zane mai yawan ƙananan layuka yana ɓacewa, shi ya sa ganye ko kifi ko dagi suka fi fuskar mutum dacewa da mai koyo. Tudun siririn falle yana lotsewa idan ba a cika bayansa da kakin zuma ba.

A yau

Galibin makarantu a matakin farko suke tsayawa, saboda tsadar jan ƙarfe da haɗarin wuta. Wasu maƙera ba sa ɗaukar aikin siririn falle a matsayin sana'ar, malamai kuwa suna ganinsa ƙofar shiga.