Ragon Dutse

Ragon dutse dabbar daji ce daga dangin tumaki da awaki, mai zama a duwatsun Sahara da na Arewacin Afirka. Masana na kiransa Ammotragus lervia, kuma masanin dabbobi Peter Simon Pallas ne ya fara bayaninsa a rubuce a 1777. Sunan rago dai ara ne kawai. Ba tunkiya ba ce, ba kuma akuya ba, jinsinsa daban yake a tsakaninsu.

Ba ya rayuwa a dajin Najeriya. Daga Sakkwato, mazauninsa mafi kusa shi ne duwatsun Azbin, wato in an bi hanyar Illela zuwa Ƙonni da Tawa har Agadas. Akwai shi kuma a dutsen Termit na Nijar, da Tibesti da Ennedi a Chadi, da duwatsun Atlas na Maroko da Aljeriya.

Launinsa ja-ja ne mai ƙasa-ƙasa, bai kai jar akuyar Sakkwato duhu ba. Babban namiji kan haura kilo 100, mace kuwa ba ta cika wuce rabin haka ba. Dukansu suna da ƙahoni masu lanƙwasa baya, amma na namiji sun fi kauri. Abin da ya fi bambanta shi shi ne doguwar geza da ke saukowa daga maƙogwaro zuwa ƙirji da ƙafafun gaba. Mace na ɗaukar ciki kwana 160 ko kusa da haka, ta haifi ɗa ɗaya ko tagwaye.

Yadda yake jure ƙishirwa abin mamaki ne. Yakan daɗe bai sa baki a ruwa ba, sai ɗanyen ganye da raɓar asuba. Yana kiwo da sassafe da yamma, in rana ta take sai ya shige inuwar dutse. In ya ji motsi, ba lalle ya zura da gudu ba, sai ya tsaya cik, launinsa ya saje da dutse, mutum ya wuce bai gan shi ba. Dabarar ta daɗe tana yi masa rana, amma ga mai bindiga da madubin hangen nesa, dabbar da ta tsaya wuri ɗaya ta zama nama.

Farauta ce babbar matsalarsa, sai fari da kuma gasar kiwo da awakin makiyaya. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazana. Nijar ta keɓe gandun Azbin da Tenere a 1988, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa gandun cikin wuraren tarihi na duniya a 1991, shekara guda bayan haka kuma ta ce yana cikin haɗari saboda tawayen da ya ɓarke a yankin. An kafa gandun Termit da Tin Toumma a 2012. Kafa doka a takarda ba wuya, tsaron fili mai faɗin dubban kilomita da 'yan tsirarun ma'aikata shi ne aiki.

A waje kuwa labarin ya juye. An saki ragon dutse a jihohin Niyu Meziko da Tekzas na Amurka a shekarun 1950 domin farauta, aka kuma kai shi tsaunin Espuña na Sifaniya a 1970. A Tekzas ya hayayyafa har yana ƙwace wa tumakin dajin can abinci da mashaya, hukumomi na neman hanyar rage shi.