Jami'in hulɗa da jama'a ba maroƙin ofis ba ne

An daɗe ana faɗa a majalisun hira, daga Ƙofar Soro ta Katsina har zuwa Daura, cewa aikin jami'in hulɗa da jama'a shi ne yabon maigida da rufe laifinsa. Masu faɗar haka suna da hujja, don wannan ɓangaren aka fi gani.

Amma aikin kai da kawowa ne. Jami'in yana isar da bayanin ma'aikata ga jama'a, sannan ya kwashi kokensu ya shigar ciki, ko da shugaba ba ya son ji. Talla daban take: a can kuɗi ake biya a sayi fili a rediyo ko jarida.

Wayar hannu ta ƙara wa aikin sauraren koken jama'a nauyi. Idan famfon unguwa ya ƙafe, hoton jarkoki jere a layi zai zagaye WhatsApp tun kafin a rubuta sanarwa, kuma yabo ba ya goge hoto. Ga manhajojin da ke haɗa murya da bidiyo na bogi. A ganina, tantance gaskiya da amsawa cikin gaggawa su ne za su fi cin lokacin masu wannan aiki nan gaba.

Kana iya gwadawa da kanka. Tura tambaya a shafin wata ma'aikata, ka ga ko za a amsa. In sanarwa ta iso maka, duba kwanan wata da sa hannu, ka nemo ta a ainihin shafin masu ita, sannan ka gwama da abin da idonka ya gani.

Don Allah a tura wa 'yan uwa wannan bayani.