"Ai tana cikin gida": katanga ba ta tare waya

A Maradi, uwa takan samu natsuwa da zarar ɗiyarta ta dawo daga lakol ta shige ɗaki. Tun kaka da kakanni mun san haɗari a waje yake: kasuwa, tasha, bakin titi bayan magariba. Shi ya sa in ka ta da maganar waya, sai a ce maka, "Ai tana gida, ba ta zuwa ko'ina."

Wannan lissafin na da ne. Mai lalata da yara yanzu ba sai ya haura katanga ba. Lamba kawai yake nema, kuma a zauren WhatsApp kowa na ganin lambar kowa. Yakan fara da gaisuwa da yabo, ya turo mata kati, ya yi makonni yana shiga ranta, sannan ya nemi hoto. Da ya samu sai murya ta sake: ko ta ƙara turowa, ko ya watsa. Hoton da ake buɗewa sau ɗaya ma bai tsira ba, domin ana ɗaukarsa da wata waya. Yara maza ma ana yi musu haka, don a tatsi kuɗi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shirun yaran. Tsoron duka da ƙwace waya ke rufe musu baki, da wannan tsoron kuwa mugu ke cin kasuwarsa. Hajiya, in ɗiyarki ta faɗa miki, ki saurare ta kafin faɗa, kuma kada ki goge saƙonnin, su ne shaida gaban 'yan sanda. Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019.