Yaron Da Ba Shi Da Sarki: Waiwaye Kan Tallafa Wa Iyalan Yara Masu Naƙasa A Arewa

Duk wanda ya taɓa zama a layin sashen gashin ƙashi na wani babban asibiti a Kano ko Zariya ko Sakkwato ya san wannan mata. Ta goyo yaro ɗan shekara shida ko bakwai, ƙafafunsa na reto har gwiwarta, wuyansa ya langaɓe a kafaɗarta. Tun asuba ta fito, ta hau mota biyu ko uku. Za a yi wa yaron gashi na ɗan lokaci, a ba ta wata ranar, ta sake saɓa shi ta koma. Likitoci sun ce lalurar na samuwa ne idan ƙwaƙwalwar jariri ta ji rauni, ko saboda doguwar naƙuda, ko shawara mai tsanani a kwanakin farko, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. A unguwa kuwa har gobe akwai masu cewa ɗan ruwa ne. Yadda aka yi nauyin nan ya zauna a bayan mace guda yana da tarihi, kuma tarihin ya girmi Najeriya.

Ƙasar Hausa ba ta taɓa zama babu tsarin kula da naƙasassu ba. A manyan garuruwa akwai sarkin makafi, akwai sarkin guragu, akwai sarkin kutare, kowanne da mutanensa. Shi ke sauke baƙo, shi ke raba rigima, shi ke kai kuka fada. Zakka da sadakar Juma'a suna da hanyar da suke bi su isa gare su. Makafi sun shahara da tufkar igiya da haddar Alƙur'ani, kurame kuma sun ƙera harshensu na kansu, maganar hannu, tun ba a san makarantar kurame ba. Addini ma bai bar su a baya ba: duk ɗan Islamiyya ya san a kan wa aka saukar da farkon surar Abasa, kuma ya san Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, ya yi ladanci, har an bar masa riƙon Madina.

Sai dai wannan tsari na manya ne, kuma na wanda zai iya fita. Makaho yana da ɗan jagora, gurgu yana rarrafawa ko a tura shi. Yaron da bai iya zama ba, bai iya magana ba, bai iya haɗiye abinci sai da dabara, ba shi da sarki, ba shi da unguwa. Gatansa shi ne babban gida, inda kaka da goggo da kishiyar uwa da yayye suke karɓa-karɓa. Bayanin ciwonsa kuma ya tafi wajen iskoki. Sunan shan-inna kansa shaida ne, wai iskar da ake kira Inna ce ta shanye ƙafar. Mai farfaɗiya idan ya faɗi sai a watse, don an ɗauka miyaunsa na yaɗa ciwon, alhali ba ya yaɗawa. Saboda haka matakin farko na iyaye shi ne mai magani, hayaƙi da turare da rubutu, kuma da yawan irin waɗannan yara ba sa daɗewa a duniya.

Da Turawa suka zo, 'yan mishan ne suka fi shiga harkar. An buɗe wurin jinyar kutare a Garkida a 1929, sannan a ƙarshen shekarun 1930 mishan ɗin Sudan Interior Mission (SIM) ya karɓi ragamar wuraren kutare na Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. Asibitin ido na Kano ya fara aiki a 1943. Makarantar makafi ta Gindiri, ta farko a ƙasar nan, an buɗe ta a 1953. Gwamnati kuma ta kawo asibitin ƙashi na Dala a 1959. An yi aiki na gaske a waɗannan wurare, ba mai musun haka. Amma salonsu ɗaya ne: a ɗauke mai lalura daga gida a kai shi inda ƙwararru suke. Iyaye Musulmi da yawa suka ja baya don tsoron a sauya wa ɗansu addini, kuma ko waɗanda suka yarda, ba a taɓa ɗaukarsu a matsayin masu buƙatar a koya musu komai ba.

Shekarar 1977 ta zo da alƙawari babba. A cikinta aka fitar da manufar ilimi ta ƙasa mai babi na musamman kan yara masu buƙata ta musamman, aka kafa kwalejin horar da malamansu a garin Oyo, a Kano kuma aka buɗe makarantar Tudun Maliki. Jihohi suka bi sahu da tasu makarantun, galibi guda ɗaya a babban birni, galibi ta kwana. A nan wani abu ya faru da ba a cika kula da shi ba. Harshen hannun da ake koyarwa a makarantun kurame asalinsa daga Amurka yake, ya shigo ta hannun Andrew Foster, baƙar fatan Amurka kurma da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Sai yaro ya tafi makaranta ya dawo hutu da harshen da uwarsa ba ta ji, ita kuma ba wanda ya kira ta ya koya mata. Ban da haka, makarantar kwana tana son yaron da zai iya wanka ya kewaya da kansa. Wanda bai iya ba, ƙofar ba tasa ba ce.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 1981 a matsayin shekarar naƙasassu, kuma a lokacin Hukumar Lafiya ta Duniya tana yayata wata dabara da ta dace da halinmu ainun: a horar da wani a cikin unguwa, ya riƙa shiga gida yana nuna wa iyaye yadda za su zaunar da yaro, su motsa masa gaɓoɓi, su ciyar da shi ba tare da ya ƙware ba, kafinta ya haɗa masa kujera da katako. An gwada a wurare, amma abin ya tsaya a hannun coci-coci da ƙungiyoyin agaji, in kuɗin shiri ya ƙare aikin ya ƙare. Tsuke bakin aljihun da ya zo da SAP, shirin gwamnati na gyaran tattalin arziki, a 1986 ya ƙarasa sauran, asibitin gwamnati ya koma na biya.

Daga nan Arewa ta shiga annobai uku da suka bar yara da yawa da naƙasa. Sanƙarau na 1996 ya kashe mutum fiye da 11,000, cikin waɗanda suka tsira kuma aka samu kurame da masu taɓuwar ƙwaƙwalwa. A tsakiyar annobar ne kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, lamarin da ya kai ga shari'a da sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin jihar a 2009. Wannan tabo na cikin abin da ya rura wutar ƙin allurar shan-inna daga 2003 zuwa tsakiyar 2004, cutar ta sake bazuwa. Sai gubar dalma ta 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, inda yara aƙalla 400 suka rasu, wasu suka rayu da ƙwaƙwalwar da ba za ta warke ba.

Yaƙin shan-inna ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ya nuna abin da gwamnati za ta iya idan ta so. An kai ga kowace ƙofa. Ma'aikata sun shiga lungu da ruga, sun rubuta alama da alli a jikin bango, sarakuna da dagatai da masu unguwanni duk sun sa hannu. An ga asalin ƙwayar cutar shan-inna karo na ƙarshe a Borno a 2016, kuma a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. A cikin aikin ana tambaya ko akwai yaron da ƙafarsa ta saki kwatsam, a ɗebi bahayarsa a kai gwaji. Idan sakamako ya nuna ba ita ba ce, an gama da shi. Yaron na nan kwance a ɗaki, an san gidan, an san sunan mai gidan, amma tsarin da ya gano shi ba a gina shi don ya dawo ba. Su kuwa waɗanda shan-inna ta kama, da suka girma sun haɗa kai, a Kano har suna ƙera kekunan guragu da kansu suna shiga gangamin rigakafi. Sun samu murya saboda suna da baki kuma suna iya zuwa taro.

Dokoki sun biyo baya a hankali. Jigawa ta fara biyan wasu naƙasassu naira 7,000 a wata a 2007, zamanin Sule Lamido, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a wannan shekarar, ta tabbatar da ita a 2010. Bayan shekaru ana kai ƙudiri fadar shugaban ƙasa yana dawowa, Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu wariya a watan Janairun 2019, aka kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Dokar ta ba da ilimi kyauta har sakandare, ta ware kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta haramta amfani da naƙasasshe wajen bara, ta sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga wanda ya nuna wariya, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024, mai son ganin sakamako ya duba matakalar sakatariyar ƙaramar hukumarsu.

Ko da an aiwatar da dokar nan ɗari bisa ɗari, mutumin da take gani a gabanta shi ne ɗalibi, da mai neman aiki, da mai son shiga banki da kekensa. Mai jinya ba ta samu kaso a ciki ba. A Afirka ta Kudu gwamnati na biyan kuɗi duk wata ga iyaye ko mariƙin yaro mai tsananin naƙasa har ya kai shekara 18, don an yarda kula da shi aiki ne da ke hana neman abinci. A Najeriya mafi kusa da haka shi ne dokar inshorar lafiya ta 2022, wadda ta lissafa masu naƙasa cikin marasa galihun da za a biya wa, amma samun shiga ya danganta da jihar da mutum yake da kuma wanda ya sani.

A halin da ake ciki babban gidan da ya kasance gatan yaron ya watse. Ma'aurata na zaune a ɗakin haya, kaka na ƙauye. Uwa ta ajiye sana'arta, ta daina zuwa biki da suna, wani lokaci yayar yaron ce ake cirewa daga makaranta ta zauna da shi. Akwai mazan da suka tsaya tsayin daka, Allah ya saka musu, akwai kuma masu cewa a danginsu ba a haihuwar irin wannan, a sallami matar da ɗanta. Kuɗin famfas da maganin farfaɗiya na wata-wata da kuɗin mota zuwa gashi ba sa jira. Cibiyoyi masu zaman kansu da ke koyar da magana da motsa jiki sun fi yawa a Abuja da Legas, kuɗinsu kuma ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Abin da ya rage wa mata da yawa shi ne junansu. A layin asibiti suke haɗuwa su karɓi lambar juna, su buɗe zaure a WhatsApp, wannan ta faɗi inda ake samun magani da sauƙi, waccan ta ba da kujerar da ɗanta ya girme wa. A nan ne ma wata ke fara jin cewa jaririn da idonsa ya yi ɗorawa asibiti ake garzayawa da shi a sa shi a ƙarƙashin fitila, shanya shi a hantsi ba ya wadatarwa, kuma kafur ɗin da ake sawa cikin kayan jarirai na iya tayar da shawarar.

Ma'aikatan gashin ƙashi sun san lokacin da suke daina ganin yaro. Ba warkewa yake yi ba. Nauyi yake yi, ya fi ƙarfin goyo, mai a-daidaita-sahu kuma ba ya shiga lungunsu. Sai katinsa ya zauna a cikin fayil, da ranar da aka ba shi ta dawowa.