Dokar Newton: idan aka ajiye duwatsu biyu a sararin samaniya, yaushe za su haɗu?

A 1687 Isaac Newton na Ingila ya wallafa dokar da har gobe ake lissafin tafiyar kumbo da tauraron ɗan'adam da ita. Abin da ta ce bai da yawa: duk wani abu mai nauyi yana jan duk wani abu mai nauyi zuwa gare shi. Ba ta ware babba da ƙarami ba, ba ta kuma yanke iyakar da jan zai tsaya ba.

Ƙarfin jan ya rataya a kan abu biyu, nauyi da tazara. In ka ninka nauyin ɗaya daga cikinsu sau biyu, jan ma ya ninku sau biyu. Tazara ce mai wuyar sha'ani. In ka ninka ta sau biyu, jan ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. In ka ninka ta sau goma, sai ya koma ɗaya cikin ɗari. Haka zai yi ta raguwa, amma komai nisa ba ya kaiwa sifili.

A ɗauki duwatsu biyu, kowanne kilo ɗaya, a kai su inda babu duniya, babu rana, babu komai, a ajiye su cak da tazarar mita ɗaya tsakaninsu. Za su fara matsowa a hankali, yadda ido ba zai gane ba, sai bayan kwana ɗaya da 'yan sa'o'i su yi karo. In aka mayar da tazarar kilomita ɗaya, sai an jira shekara kusan 96. To, in aka raba su da nisan da ke tsakaninmu da wata, wato kilomita wajen 384,000 fa? Lissafin Newton zai ba ka shekara sama da biliyan 20, alhali masana sun ƙiyasta shekarun sararin samaniya kaf a biliyan 13.8. A ganina nan ne masu jayayya kan ko abubuwa masu nisa haka suna jan juna suke saɓa wa juna ba gaira ba dalili. Mai cewa jan yana nan ya yi gaskiya, mai cewa ba ya tsinana komai shi ma bai yi ƙarya ba.

A nan doron ƙasa kuwa ba za ka taɓa ganin duwatsun sun motsa ba, domin jan da duniya take yi wa kowannensu ya fi wanda suke yi wa juna a tazarar mita ɗaya sau kusan biliyan 150. Shi ya sa aka shafe fiye da shekara ɗari kafin wani ya auna wannan ɗan mitsitsin ja a cikin ɗaki. Henry Cavendish ne ya yi hakan a 1798, da na'urar da John Michell ya tsara kafin rasuwarsa. Ya rataye sanda mai tsawon ƙafa shida da siririyar waya, kowane gefe da ƙwallon dalma da bai kai kilo ɗaya ba, sannan ya matso da wasu manyan ƙwallaye biyu masu nauyin kilo 158 kusa da su. Ko ɗumin jikin mutum zai iya motsa iska ya ɓata aikin, saboda haka ya rufe ɗakin ruf, ya koma waje yana leƙe da madubin hangen nesa. Sandar ta ɗan murɗa. Daga wannan 'yar murɗawa ya gano cewa duniya ta fi ruwa mai girmanta nauyi sau biyar da rabi ko kusa da haka, kuma awon zamani bai yi nisa da nasa ba. A 2021 masana a birnin Vienna na Ostiriya suka auna irin wannan ja da ƙwallayen zinariya masu faɗin milimita biyu kacal.

Dokar tana da inda ƙarfinta ya ƙare. Newton ya ɗauka cewa jan yana isa ko'ina nan take, sai Albert Einstein ya zo da nasa bayanin a 1915, wanda a cikinsa duk wani sauyi a jan yana tafiya ne da saurin haske. Da rana za ta ɓace yanzu, sai bayan minti takwas da ɗoriya duniya za ta saki hanyarta. Sannan an daɗe da sanin cewa sararin samaniya yana buɗewa, amma a 1998 aka gano cewa saurin buɗewar ƙaruwa yake yi. A kan rana da duniyoyinta wannan ba ya tasiri, don jansu ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Amma ga duwatsu biyu 'yan kilo ɗai-ɗai, da zarar tazararsu ta kai ɗaruruwan dubban kilomita, buɗewar takan fara yin kunnen doki da jan, in aka ƙara nisa kuma ta rinjaye shi, duwatsun su yi ta nisantar juna.