Rabawar Lambobi Masu Ɗigo ta Hanyar Zane

Rabawa ta hanyar zane dabara ce ta koyar da lissafi a firamare, inda yaro yake ganin lamba mai ɗigo, kamar 0.3 ko 1.2, da idonsa kafin a ba shi ƙa'ida. Tushenta yana cikin aikin masanin ilimi Jerome Bruner na shekarun 1960, wanda ya ce a fara da abin taɓawa, sai hoto, sannan alama. Tubalan koyar da ƙirga na masanin lissafi Zoltan Dienes ma wannan hanya suka bi.

Zanen da aka fi amfani da shi murabba'i ne mai gida 100, goma a tsaye goma a kwance, kamar gidan dara. Murabba'in gaba ɗaya shi ne 1, layi guda 0.1, gida guda 0.01. Idan za a raba 1.2 da 0.3, sai a shafe murabba'i ɗaya da layi biyu na wani, layi 12 ke nan, a riƙa kewaye su uku-uku. Rukuni 4 ne zai fito. A nan yara kan yi turus, domin sun saba rabawa tana rage lamba, ga shi amsa ta fi abin da aka raba. Sai malami ya sauya tambayar: 0.3 nawa ne a cikin 1.2? Daga zanen ne kuma ake gane dalilin matsar da ɗigo. Tunda duka biyun da layi aka ƙirga su, 1.2 ÷ 0.3 daidai yake da 12 ÷ 3.

Idan mai rabawa cikakkiyar lamba ce, kamar 2.4 ÷ 4, rabo ake yi tsakanin mutum huɗu: a farfasa murabba'i biyun su zama layi 20, a haɗa da layi 4 na 0.4 su zama 24, kowa ya sami layi 6, wato 0.6. Layin lamba, wato miƙaƙƙen zane da aka jera lambobi a kansa daga sifili, ya fi dacewa da awo. Lita 1.5 ta man gyaɗa a kwalabe masu cin 0.25, tsalle shida ne na 0.25 daga sifili zuwa 1.5, wato kwalba shida. Naira da kwabo ma suna aiki, sai dai yaran yau ba su san kwabo a hannu ba.

Kuskure mafi yawa shi ne rashin tsayar da abin da ake kira ɗaya. Faifan Dienes, wato tubali mai faɗi mai gida 100, da yaro ya sani a matsayin 100 a aji biyu, yanzu an ce masa 1 ne. In ba a faɗa a fili ba, zai shafe gida uku a maimakon layi uku, ya mai da 0.3 ta koma 0.03. Ragowa ma tana da tarko. A 1 ÷ 0.3, rukuni uku suna fita, layi ɗaya ya saura, sai yaro ya rubuta 3.1. Layin nan sulusin rukuni ne, don haka amsar 3.33 ce da 'yan kai. A makarantun Nijar da waƙafi ake rubuta waɗannan lambobi, 1,2 a maimakon 1.2, amma zanen iri ɗaya ne.